Azarar Ɗakin Baraka

A shekarar da aka karɓi mulkin kai, wani ƙaiƙayi ya kama manyan Illela, wai sai an gina ƙofa a bakin gari, kan hanyar da ke zuwa daga Ƙonni. Garin ba shi da ganuwa, saboda haka ƙofar a fili za ta tsaya ita kaɗai, ko akuya sai ta ga dama ta bi ta cikinta. Amma an ce dole ne, kuma wanda ya fi kowa cewa dole shi ne Alhaji Maharazu, mai fataucin atamfa tsakanin nan da Faransa, kamar yadda muke kiran tsallaken iyaka. Shi aka ba shugabancin aikin, shi kuma ya ɗauka da hannu bibbiyu.

Ni Kaltume, fura nake sayarwa a bakin kasuwa, katangata ɗaya da gidan Alhaji. Abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Mahaifiyarsa, Inna Baraka, tana zaune a wani tsohon soro a ƙuryar gidan, jikin katangata. Alhaji ɗan farinta ne. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta roƙonsa komai baki da baki. In ya shigo gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice, in za ta ambace shi ta ce "wancan". Kowa ya san haka, kuma kowa ya san sauran rabin al'adar: tunda an rufe bakin uwa, ɗa ne zai buɗe ido ya duba abin da take bukata. Alhaji ya riƙe rabin farko gam, na biyun ya bar shi a ƙasa.

Tun da rani Dabo magini ya hau rufin ɗakinta ya duba, ya sauko ya ce gara ta cinye azarar, rufin ba zai ga ƙarshen damina ba. Azara ba ta samuwa a ƙasarmu, sai an ɗauko ta daga kudu inda giginya take. Alhaji ya sa aka kawo, aka jibge a tsakar gida, aka ce da zarar Dabo ya samu sarari za a sauke tsohon rufi a yi sabo. Na ga Inna Baraka takan share gefen itacen da kanta kowace safiya, ta kore awaki.

Da bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas, wata safiya na shiga kai mata fura sai na tarar da leburori suna ficewa da azarar a kafaɗa, Dabo na tsaye yana nuna musu. Tsohuwar tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ta tsayar da mazarin, ta kira matar ɗanta.

"Jamilatu, ina za a kai iccen ga?"

"Wurin ƙohwa, Inna. Aro na. Alhaji ya ce da an ƙare aiki a sawo miki wani."

"To," in ji ta. Ta ci gaba da kaɗinta, amma zaren sai tsinkewa yake.

Na bi Dabo har zaure na tare shi. "Ba kai kac ce ruhin ga bai kai ƙarshen damina ba?"

"Ni nac ce, Gwaggo. Amma bakan ƙohwa bai tashi sai da azara, kuma mai gida shi ad da abinai. Ni magini na, inda anka ce in gina nan nika ginawa."

Bai iya duba na ba da yake maganar, ya saɓa ragowar itacen ya fita.

Ruwan farko da aka yi, wuri ɗaya ɗakin ya yi yoyo, ta kafa ƙwarya. Na biyu ya zama wuri uku. Kafin gero ya rufe kaza, babu masaki ko kasko a ɗakin da ba a tara ruwa da shi, kuma ruwan ba fari yake saukowa ba, ja ne, da ƙasar rufin yake tahowa. Ta ja gadon karanta daga wannan kusurwa zuwa waccan har kusurwoyin suka ƙare. Audugar da take kaɗi ta jiƙe ta yi baƙi. Da ita take samun na goro da na sabulu ba tare da ta miƙa wa kowa hannu ba, shi ke nan wannan ma ya tafi.

Na ce mata, "Inna, ki yi magana. Ɗanki na, ba baƙo ba."

"Da bakin ga, Kaltume? Wancan shina da ido. Kullum ta nan shika wucewa."

Gaskiya ta faɗa. Safe da yamma yana zuwa ya tsuguna a bakin ƙofarta, ya ce "Inna an tashi lahiya", ta ce "lahiya", ya miƙe. Ƙwaryar ruwa tana gaban gwiwarsa, wani lokaci sai ya matsar da ita da hannu kafin ya samu wurin tsugunawa. Mutumin da ke gane atamfar da ta sha rana daga nesa, shi ne bai ga rufi na zuba a kan uwarsa ba.

Da abin ya ishe ni, na same shi a zaure bayan la'asar, yana zaune kan buzu, wasu 'yan kwamitin ƙofa sun tashi ke nan. Muka gaisa. Na ce ɗakin Inna na zuba, kuma Dabo ya ce rufin zai faɗo.

Ya ce, "Gwaggo, ita ta aiko ki?"

"Ba ta aiko ni ba. Ka san ba ta aikowa."

"To kin gani. Ni Inna ba ta ce mini komi ba. Da abin ya dame ta, da na ji."

"Ta ina za ka ji, Alhaji? Kunyarka taka ji."

Ya yi murmushi irin na wanda ke magana da ƙaramin yaro. "Gwaggo, ku mata ba ku gane abin da muka ciki. Mutanen Faransa sun karɓi nasu mulki, mu ma namu na tahe. In baƙo ya ƙetaro daga Ƙonni, mi za shi gani? Rumhunan kara da jakkai? Garin da ba shi da alama ƙauye na. Ƙohwag ga, jikokinmu za su nuna ta su ce iyayenmu sun yi abu. Ɗaki kau ko yaushe ana yin shi."

Na ce rijiyar kasuwa ta rufta tun bara ba a gyara ba, mace in haihuwa ta gardama sai an ɗora ta a jaki an yi tafiya kafin a ga ɗakin magani, shin baƙon nan da ake wa kwalliya ba ya shan ruwa ne? Ya ce duk za a zo kansu, komai da lokacinsa. Ya ce damina ai ta kusa rabi, Inna ta ga damina fiye da tamu duka, ta san haƙuri. Daga nan ya ɗauko goro ya miƙo mini, wato in tashi. Na bar masa goronsa a kan buzu.

Ƙofar kuwa tana ta tashi. Daga inda nake ajiye ƙwaryar furata ina kallonta kullum. Duk maginan garin suna can, har da waɗanda aka ɗauko daga Araba da Garu, saboda haka ko kana da halin gyaran ɗakinka a daminar nan ba ka samun mai yi. Masu wucewa sukan tsaya su ɗaga kai su ce, kai, Alhaji Maharazu ya cika ɗa. Ni kuma in na ɗaga kai, azarar da ke riƙe da bakan, wato lanƙwasar saman ƙofar, nake gani, na san ta ɗaya bayan ɗaya.

Akwai ɗaki ɗaya a gidan mai rufin kwano da ba kowa a ciki, na saukar baƙi. Na yi wa Jamilatu magana a mayar da tsohuwar can kafin ruwa ya ɗauke. Ta ce za ta gaya wa Alhaji. Ba a jima ba mota ta zo daga Sakkwato da buhunan siminti na shafen ƙofa, aka shigar da su ɗakin har bakin ƙofa, aka sa kwaɗo.

"Siminti bai son ruwa, Gwaggo," in ji Jamilatu. "In ya sha sanyi ya zama dutsi, hasara ta."

"Ita Inna son ruwa taka yi?"

"Ni mi za ni yi? Na ce ta dawo ɗakina, ta ƙiya."

Ta san sarai tsohuwar ba za ta kwana a ɗakin da ɗan farinta ke shiga ba, ko da sama za ta faɗo. Tayin da aka san ba za a karɓa ba, shi ya fi kowane tayi araha. Ba na cewa Jamilatu muguwa ce. Tana kai mata tuwo a kan lokaci, tana aika a zubar da ruwan ƙore. Amma ita ma ta koyi abin da mijinta ya koya, cewa shirun tsohuwa bargo ne da kowa a gidan zai iya lulluɓa da shi.

Tari ya kama Inna Baraka. Ƙafafunta suka kumbura don tsayuwa a danshi, ɗakin ya ɗauki wari, tufafinta ba sa bushewa. Ta rame har zanen da take ɗaurawa yana zagaye ta sau biyu. Wata rana muna zaune sai muka ji ƙas daga sama, ƙasa ta zubo mana a ka, azara ɗaya ta tsage ta lanƙwaso. Na je na samu Dabo a wurin aiki na ce in bai zo ba, Allah na kallonsa. Ya zo da yamma a ɓoye, ya tokare azarar da gwafa, ya hau ya shimfiɗa wani tsohon tamfol na mota a kan rufin, ya danne da duwatsu. Ya ce wannan dabara ce kawai, ba gyara ba, a fitar da ita.

Na ce ta dawo gidana, ɗakina ɗaya ne amma ba ya zuba. Har ta fara ɗaure 'yan kayanta, sai Jamilatu ta shigo da saƙo.

"Alhaji ya ce a yi haƙuri. Shina shugaban aikin gari, a ce uwatai tana kwana maƙwabta? Mi mutane za su ce? Ya ce saura kaɗan a ƙare."

Inna Baraka ta kwance ƙullin a hankali, ta mayar da kayan cikin kwando.

Na ce, "Inna, ki tashi mu tahi. Ba ya iya hana ki."

"A'a, Kaltume. Kar a zage shi saboda ni."

A wannan ranar na ji haushinta ita ma, ba zan ɓoye ba. Tana kare mutuncin mutumin da ya bar ta a cikin ruwa, shi kuma yana can yana auna tsayin baka da igiya.

Ana cikin shafe ƙofar da siminti marka ta sauka, ruwan nan da ba ya tsayawa, yau da gobe da jibi. Hankalin Alhaji ya tashi. Da kansa ya fito cikin ruwa, rigarsa a naɗe, yana ba da umarni a tattaro duk abin da zai rufe ɗanyen shafe: zana, tabarmi, asabari, buhunan banza. Wani lebura ya hango tamfol a kan soron ƙuryar gida, ya tambaya ko a ɗauko. Ina tsakar gidan a lokacin, da kunnena na ji amsar.

"Ɗauko shi. In ruwa ya ɗauke a maido."

Na ce, "Alhaji, ɗakin Inna na."

"Na sani, Gwaggo. Yanzun ga za a maido."

Ya bi bayan tamfol ɗin ya fita, bai ko leƙa ɗakin ba.

Washegari bayan azahar ina dama fura a gida na ji wani irin ƙara mai nauyi, katangata ta girgiza, ƙura da laka suka taso ta kanta. Ban tsaya neman mayafi ba. Na tarar da rabin rufin a ƙasa, Jamilatu na tsaye a tsakar gida hannu a ka. Maƙwabta suka shigo, muka dinga tonon laka da hannu da ƙore. Muka same ta a gefen gado, azarar da aka tokare ta danne mata ƙugu. Da rai, idonta biyu, ba ta ko yi kuka ba. Da aka ɗaga itacen, ƙafafunta ba su motsa ba.

Aka shimfiɗe ta a rumfar girki, don nan ne kawai ba ya zuba, babu kwaɗo, kuma ɗanta ba ya kwana a ciki. Aka aika wurin ƙofa. Alhaji ya shigo a jiƙe, siminti a hannun rigarsa, mutane cike da gidan. Ya tsuguna daga nesa kaɗan kamar yadda ya saba, ya ce, "Inna, sannu. Ikon Allah."

Ta juyo da kanta ta dube shi. Tun da nake ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba.

"Maharazu."

Wata tsohuwa kusa da ni ta rufe baki da hannu.

"Maharazu, dube ni. Cikin ɗakin ga nih haihe ka. Ruwa ya doke ni damina guda, kana wuce ƙohwata sahe da marece. Ka ɗauke icce, ka ɗauke tamhol. Na ji kunyarka tun kana goye, kai ba ka ji tawa ba ko yini guda."

Kowace kalma ta fito daidai, kowa ya ji. Na ce a raina, to yau an zo wurin, yau ba shi da inda zai ɓuya.

Alhaji ya sunkuyar da kai. Sannan ya miƙe, ya juya ga mutane, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Zahin ciwo na," in ji shi. "Ba ku ji har sunana tak kama ba? Inna ba ta cikin hankalinta. A yi mata addu'a."

Sai na ga kawuna suna gyaɗawa. Matan suka fara raɗa, wayyo baiwar Allah, ta gigice, mace mai kunya irin wannan har ta kama sunan ɗan fari. Rufin da ya karya mata ƙugu bai ba su mamaki ba kamar sunan. Na ce da ƙarfi hankalinta ɗaya, ta fi duk wanda ke wurin hankali, aka ce Kaltume ki ji tsoron Allah, ba lokacin wannan ba ne. Aka riƙo hannuna aka raka ni har zaure.

Kun ga yadda aka yi mata. Da ta yi shiru, an ce ba ta faɗa ba. Da ta faɗa, an ce ba ta cikin hankalinta. Ba ta sake magana da kowa ba, ko ni. Mai ɗori ya zo ya duba ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Ta yi 'yan kwanaki a rumfar girki, hayaƙi na shigar mata ƙirji a kan tarin, sannan Allah ya karɓi abinsa da hantsi.

Zaman makoki ya cika maƙil, har daga Ƙonni an zo. Kowa ya buɗe baki sai ya yabi haƙurinta: mace ce da ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, ba ta taɓa ɗora wa ɗanta nauyi ba, irinsu sun ƙare. Alhaji yana amsawa da ido jajir, yana cewa wallahi da ta gaya masa da wuri. An ce ajali ne, kuma na yarda ajali ne, ba mai wuce ranarsa. Amma ajali bai saɓi azara a kafaɗa ya fita da ita daga gidan ba, mutane ne suka yi, da rana tsaka.

Aka buɗe ƙofa ranar bikin mulkin kai, da kiɗa da tutoci, 'yan makaranta suka bi ta ƙarƙashinta a jere. Bayan biki ne aka gane motar da ta yi lodi sosai ba ta shiga bakan, direbobi suka fasa hanya ta gefe, raƙuma da jakuna suka bi sawunsu. Tana nan tsaye, fara fes, masu tallan rake na shan inuwarta. In baƙo ya tambaye ni wa ya gina ta, nakan ce ya tambayi wani, fura nake sayarwa.

Bayan sadakar arba'in na ji ana buga ƙusa ta bayan katangata. Na leƙa. Dabo ne da yaransa a kan ɗakin Inna Baraka, an kwashe laka, an ɗaga bango, ana jera kwano sabo yana ƙyalli. Jamilatu ta ce Alhaji ya yi odar atamfa mai yawa saboda kasuwa ta buɗe, ba shi da wurin ajiya, ya ce a rufa ɗakin maza-maza.

Da Dabo ya sauko yana karkaɗe hannu, na tare shi a inda na tare shi da bazara.

"Har kun ƙare?"

"Mun ƙare, Gwaggo."

"Kwana nawa aikin yac ci?"

Ya ci gaba da karkaɗe hannunsa.

"Yini biyu."

Da yamma aka fara shigar da dilolin atamfa. Alhaji na tsaye a bakin ɗakin da kansa, yana ɗaga kai yana duba kwanon ko akwai inda haske ke shigowa.